Gudun Ilaktaron da Gubar Dalma a Bagega: Bayani da Hausa a kan Turin Lantarki da Iyakar Gudu

1. Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a bayyana da Hausa wata mas'ala ta ilmin kimiyya wadda ɗalibai su kan yi tuntuɓe a kanta, watau abin da ke samun ilaktaron idan aka tura shi da lantarki har gudunsa ya kusanci gudun haske. Galibin littattafai, in sun zo wannan babi, sai su ɗauki mai karatu su kai shi manyan ɗakunan bincike na Turai da Amurka, har ɗalibi ya zaci abin bai shafi ƙasarsa ba. Ga shi kuwa akwai misalinsa a kusa. A garin Bagega, cikin ƙasar Anka, an yi aiki da wata 'yar na'ura ta riƙewa a hannu domin gano dalmar da ta halaka yara, kuma asirin irin wannan na'ura duka yana ga ilaktaron da ta ke turawa.

Abin da za a nuna guda ne. Turin lantarki kuzari ya ke bai wa ilaktaron, kuma ya kan ba da shi daidai gwargwado komai yawan turin. Amma gudu yana da iyakar da ba a ƙetarewa. Wanda ya raba waɗannan biyu a zuciyarsa da kuma a harshensa, ya gane mas'alar. Za a fara da labarin Bagega, sa'an nan a daidaita kalmomi, daga nan a shiga cikin na'urar da lissafinta.

2. Abin da ya auku a Bagega

Bagega tana yammacin Jihar Zamfara, a yankin nan da ƙasar Anka ta haɗa iyaka da ta Bukkuyum, ita kuma Bukkuyum ta haɗa da Gummi. Noma da kiwo su ne sana'ar mutanen wurin, amma akwai zinariya a cikin duwatsun ƙasar. Da farashin zinariya ya hau a kasuwannin duniya wajen shekarar 2009, sai jama'a suka dukufa ga haƙa. A kan kawo dutse cikin gari, a farfasa shi da guduma, a daka a turmi ko a niƙa a inji irin na niƙan hatsi, a wanke, a shanya a tsakar gida. Dutsen da ke fitowa daga waɗansu ramukan kuwa yana ɗauke da dalma mai yawa ƙwarai. Ƙurarsa ta bi ta gauraya da ƙasar gidaje, inda ƙananan yara ke rarrafe suna kai hannu baka.

A watan Maris na 1910 da ɗari, watau 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitocin na-gari-na-kowa, wadda a ke kira MSF, suka lura yara ƙanana suna ta mutuwa a waɗansu ƙauyuka bayan amai da shiɗewa. Da aka auna jini, sai aka tarar gubar dalma ce. An ƙiyasta yaran da suka rasu sun haura 400. Masana daga hukumar CDC ta Amurka, da Cibiyar Blacksmith, da kamfanin TerraGraphics suka zo suka auna ƙasar gidajen. A wancan lokaci ƙa'idar Amurka ita ce kada dalma ta wuce kashi 400 cikin miliyan a ƙasar da yara ke wasa, watau ƙasa da rabin giram a kowane kilo. A waɗansu gidajen Zamfara an sami sama da kashi 100,000 cikin miliyan, watau kilo ɗaya na dalma a cikin kowane kilo goma na ƙasa.

Akwai maganin da ke tsamo dalma daga jini, amma ba shi da amfani idan yaro zai koma gida ya sake haɗiyar ƙura. Saboda haka sai an share ƙasa tukuna a ke soma magani. Tsakanin 2010 da 2011 aka share ƙauyuka bakwai, cikinsu har da Dareta da Abare da Sunke a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum. Bagega, wadda ta fi su girma, kuma ita ce matattarar masu niƙan dutse, ta zauna tana jiran kuɗin aiki. Bayan kiraye-kirayen ƙungiyoyi irin su Human Rights Watch da Follow The Money, Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin a farkon 2013, kuma a cikin shekarar aka share garin aka soma yi wa yara magani.

To, a nan ne tambaya ta taso. Ƙasa mai guba da mai lafiya kamarsu ɗaya a ido. Ina za a kankare, ina za a bari? Ƙasar da za a kawo a zuba a madadin wadda aka kwashe, wa ya tabbatar ita ma ba ta gurɓata ba? Ba shi yiwuwa a kai kowane dunƙulen ƙasa ɗakin bincike a jira amsa. Na'urar hannu mai aiki da hasken eksire ita ta raba wannan gardama: a ɗora bakinta a ƙasa, a danna, cikin minti ɗaya ko biyu ta nuna yawan dalmar da ke wurin.

3. Daidaita kalmomi

Kafin a buɗe cikin na'urar, wajibi ne a daidaita kalmomi huɗu, domin rabin rikicin wannan mas'ala na harshe ne. Rubuta kimiyya da Hausa ba baƙon abu ba ne, tun da wajen 1950 Dokta R. M. East da Malam Abubakar Imam suka fitar da littattafan Ikon Allah a Zariya. Amma akwai kalma ɗaya da ke sa malami zamewa, ita ce ƙarfi. Bahaushe ya kan ce wuta ta zo da ƙarfi, mota ta wuce da ƙarfi, ya tura ƙofa da ƙarfi, doki yana da ƙarfi. Abubuwa huɗu ke nan daban-daban, kalma ɗaya ta goya su. A hira wannan ba laifi ba ne, amma a aji ya kan haifi ruɗami. Don haka an ajiye ta gefe a wannan takarda, an zaɓi waɗannan.

Ta farko, ilaktaron. Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya mai nauyi, da waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ke kewaye da ita; su ne ilaktaron. J. J. Tomson ya gano su a Kambirij ta Ingila a 1897. Sai an tara kimanin 1,836 daga cikinsu kafin su yi nauyin cibiyar zarrar haidirojin, wadda ita ce mafi sauƙin nauyi. Sunan ya fito daga kalmar Girkanci mai nufin wani daskararren ƙaro da ke jan ƙaiƙayi in an goga shi, kuma daga wannan tushe ne kalmar lantarki ita ma ta biyo ta Ingilishi ta shigo Hausa.

Ta biyu, turin lantarki. Shi ne bambancin da ke tsakanin gefe biyu na batir ko na waya, wanda ke kora ilaktaron daga wannan gefe zuwa wancan. Da bolt a ke auna shi, daga sunan Bolta, mutumin Italiya da ya ƙera batir na farko a 1800. An rubuta shi da harafin b bisa al'adar aro ta Hausa, kamar yadda aka yi a direba da talabijin.

Ta uku, kuzari. Shi ne abin da ƙwaya mai tafiya ta ke ɗauke da shi, wanda za ta sauke a kan duk abin da ta buga. Ma'auninsa a wannan fanni shi ne ilaktaron-bolt, watau kuzarin da ilaktaron guda ke samu idan ya ratsa turin bolt ɗaya.

Ta huɗu, gudu. Shi ne nisan da aka ci a cikin lokaci. Gudun haske a sararin da babu iska kilomita 299,792 ne a sakan ɗaya.

Misalin rijiya ya kan taimaka. Turi kamar zurfin rijiya ne, ilaktaron kamar tsakuwar da aka saki daga baki. Zurfi ne ke hukunta irin bugun da tsakuwa za ta yi wa ruwa, wannan shi ne kuzari. Saurin da ta ke yi sa'ad da ta isa ƙasa, wannan shi ne gudu.

4. Yadda a ke tura ilaktaron

A cikin wayar lantarki ilaktaron ba ya samun sarari. Da ya motsa sai ya ci karo da ƙwayoyin zarrar tagulla, har ya zama matsawarsa gaba a wayar gida ba ta kan kai milimita ɗaya a sakan ba. Yana nan kamar mai sauri a tsakiyar kasuwa ranar da ta cika. Idan ana so ya yi gudu, sai an share masa fili.

Wannan fili shi ne 'yar kwalbar da ke cikin mafi yawan na'urorin hannu irin wadda aka ambata. Tsawonta bai wuce na yatsa ba, kuma an zuƙe iskar cikinta ƙaf. A gefe ɗaya akwai siririn zaren ƙarfe kamar lagwani, wanda in ya yi zafi sai ilaktaron su riƙa ɓallewa daga jikinsa. A ɗaya gefen akwai ɗan farantin ƙarfe, na azurfa ko na wani ƙarfe mai nauyi, wani lokaci ma na zinariya. Tsakanin zaren da farantin a ke sa turi na bolt 40,000 zuwa 50,000. Wilhelm Rontgen ya gano hasken eksire a birnin Wurzburg na Jamus a watan Nuwamba na 1895, amma wannan tsari na zare mai zafi William Coolidge ne ya fito da shi a Amurka a 1913, kuma har yanzu a kansa a ke.

Mai karatu zai yi mamakin yadda batir na 'yan bolt kaɗan zai ba da dubu hamsin. Dabarar ita ce a mai da wutar batir mai kai-da-komo, a ɗaga ta da ƙaramin tiransifoma, sa'an nan a bi da ita ta wani tsani na ma'ajiyan lantarki wanda kowane matakinsa ke ƙara turi a kan na baya. Da irin wannan tsani Cockcroft da Walton suka fasa cibiyar zarra a Kambirij a 1932, ko da ya ke nasu ya cika ɗaki. Don a kwatanta, wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, layukan da ke rarraba wuta cikin garuruwa kuwa na 11,000 ne da 33,000. Ashe turin da ke cikin na'urar da mutum ke riƙe da hannu ɗaya ya fi na layin 33,000. Abin da ya sa ba ta ƙone mai ita ba shi ne ƙarancin ilaktaron da ke wucewa: duk aikin kwalbar bai wuce na 'yan wat kaɗan ba, kamar ƙaramar tocila. Rijiya ce mai zurfi, amma ɗigo-ɗigo ruwa ke faɗawa.

Ilaktaron ya kan bar zaren kusan a tsaye, ya isa farantin cikin lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin biliyan na sakan ba. Sa'ad da ya isa, yana ɗauke da kuzarin ilaktaron-bolt 50,000, ba ragi ba ƙari. Saura tambaya: da wane gudu ya isa?

5. Inda tsohon lissafi ya gaza

Bisa ga lissafin da aka gada daga Niyuton, kuzari yana tafiya da gudu ninki a kan ninki. In an ninka zurfin rijiya sau huɗu, gudun tsakuwa sau biyu zai ƙaru. In sau tara, sau uku. Ga ilaktaron, hanyar ita ce a nemi saiwar adadin bolt, watau lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da adadin, sa'an nan a ninka saiwar da kilomita 593. Batirin tocila na bolt 1.5 zai ba da kimanin kilomita 726 a sakan, wutar gida ta ba da kusan 9,000. A nan lissafin daidai ya ke. Amma a ci gaba da shi zuwa bolt 255,500, sai ya ce ilaktaron ya cim ma haske; a kai bolt miliyan ɗaya, ya ce ya kusa ninka gudun haske sau biyu. Ba a taɓa ganin haka ba a kowane gwaji.

Tun 1901 Walter Kaufmann a Jamus ya lura cewa ilaktaron masu tsananin gudu sun fi wuyar karkatarwa bisa ga yadda tsohon lissafi ya nuna. A 1905 Albat Ainstain ya fito da ka'idar dangantaka, wadda ta bayyana dalili: gudun haske iyaka ne, kuma gwargwadon yadda abu ya kusance shi, gwargwadon yadda ƙarin kuzari ke daina zama ƙarin gudu. Kowane abu yana da kuzarin da ke ƙunshe cikin nauyinsa ko yana zaune wuri ɗaya. Na ilaktaron kimanin ilaktaron-bolt 511,000 ne. Wannan adadi shi ne magwajin. Muddin kuzarin da turi ya bayar ƙanƙane ne a gefen 511,000, tsohon lissafi ya wadatar. Da ya zama kaso mai kauri daga cikinsa, sai a koma sabo.

Sabon lissafin mataki biyu ne, kuma ɗalibin kwalejin horon malamai zai iya yin sa a allo. Da farko a raba adadin bolt da 511,000, a ƙara 1. Abin da ya fito shi a ke kira gamma. Na biyu, a ninka gamma da kanta, a raba 1 da abin da aka samu, a debe wannan daga 1, a nemi saiwar saura. Amsar ita ce rabon gudun ilaktaron daga gudun haske. Ga misalin bolt 50,000: rabawa ta ba da 0.0978, gamma ta zama 1.0978, ninkinta kimanin 1.2053, raba 1 da shi ya ba da 0.8297, saura 0.1703, saiwarsa 0.4127. Watau ilaktaron yana isa farantin da kashi 41.3 cikin ɗari na gudun haske, kimanin kilomita 123,700 a sakan, gudun da zai kewaye duniya sau uku kafin sakan ya cika. Tsohon lissafi 132,600 ya ce. Ya yi zuƙu da kusan kilomita 9,000 a sakan, watau kimanin kashi 7 cikin ɗari.

Ga jerin da ke nuna yadda hanyoyin biyu ke rabuwa. Adadi na farko bolt ne, na biyu abin da tsohon lissafi ya ce, na uku abin da ya ke na haƙiƙa, duka biyun a kashi cikin ɗari na gudun haske:

230 — 3.0 — 3.0
10,000 — 19.8 — 19.5
25,000 — 31.3 — 30.2
50,000 — 44.2 — 41.3
100,000 — 62.6 — 54.8
255,500 — 100.0 — 74.5
1,000,000 — 197.8 — 94.1
6,000,000 — 484.6 — 99.7

Layi na uku ya yi daidai da tsohon akwatin talabijin mai ƙusumbi, wanda hotonsa ilaktaron ne ke zana shi a bayan gilashi. Na huɗu shi ne na'urar auna ƙasa. Na biyar kuwa yana cikin iyakar abin da a ke amfani da shi wajen ɗaukar hoton ƙirji da ƙashi a asibiti. Mai lura zai ga cewa na'urar da aka yi aiki da irinta a Bagega tana tsaye daidai kan gaɓar da tsohon lissafi ya soma karkacewa a fili.

Gwajin da ya fi bayyana wannan ga ɗalibi shi ne wanda William Bertozzi ya buga a 1964 daga makarantar MIT ta Amurka. Ya tura ilaktaron da kuzari daga rabin miliyan har miliyan 15 na ilaktaron-bolt, ya auna lokacin da su ke ci wajen ratsa mita 8.4, sa'an nan ya auna zafin da su ke saukewa a kan farantin alminiyam da su ke bugawa. Gudu ya je dab da na haske ya tsaya cik, zafi kuwa ya ci gaba da hawa bisa ga kuzarin da aka zuba. Ashe kuzarin bai ɓace ba, yana nan a jikin ilaktaron, gudun ne kaɗai ya ƙi ƙaruwa.

6. Yadda kuzari ya zama shaida

Abin da ke tona asirin dalma a ƙasa kuzarin ilaktaron ne. Sa'ad da ya bugi farantin ya tsaya farat ɗaya, fiye da kashi 99 cikin ɗari na kuzarin ya kan zama zafi, ɗan ragowar ya fita a matsayin hasken eksire. Shi wannan haske ƙwaya-ƙwaya ya ke fita, kuma babu ƙwayar da za ta ɗauki fiye da abin da ilaktaron guda ya zo da shi. Kwalbar bolt 50,000 ba ta ba da ƙwayar hasken da ta wuce ilaktaron-bolt 50,000. Duane da Hunt suka tabbatar da wannan ƙa'ida a 1915, kuma ta tsaya daram ko da wane lissafi aka bi wajen neman gudu.

Hasken ya kan fita ta bakin na'urar ya shiga ƙasa. Zarrar dalma tana da ilaktaron 82, a jere hawa-hawa kewaye da cibiya. Kafin a fizge ɗaya daga hawa na biyu, sai ƙwayar haske ta zo da kuzarin da ya kai tsakanin ilaktaron-bolt 13,000 da 16,000. In an fizge shi, nan da nan wani daga hawan sama ya kan faɗo ya cike gurbin, kuma wajen faɗowar ya saki tasa ƙwayar haske mai ƙayyadadden kuzari. Ga dalma, manyan biyu su ne 10,550 da 12,610. Ga zinariya, babban shi ne 9,710. Kowane sinadari da nasa adadi, kamar yadda kowace zuriya ke da nata tsagen fuska. Henry Moseley ne ya nuna a 1913 cewa waɗannan adadi suna hawa a jere bisa ga lambar kowane sinadari. Aikin ɗaya ɓangaren na'urar shi ne ya karɓi ƙwayoyin da suka dawo, ya ware su bisa ga kuzarinsu, ya ƙirga. Yawan masu 12,610 shi ke nuna yawan dalma.

Daga nan za a gane dalilin zaɓen turin. Da kwalbar ta bolt 10,000 ce, da ko an ɗora ta a kan ƙasar da ta fi kowace guba a Bagega ba za ta ta da waɗannan alamu biyu ba, domin ba ƙwayar haskenta ko ɗaya da za ta kai 13,000. Ƙarin batir ko tsawaita lokaci ba zai gyara ba. Tsakuwa dubu da ba su kai reshe ba, ba su kaɗo mangwaro ko guda. An kai turin 40,000 ko 50,000 domin kaɗan ne daga cikin ƙwayoyin hasken ke samun cikakken kuzari, saboda haka sai an bar rata mai yawa. Hawan can ciki na dalma kuwa yana bukatar 88,000, ya fi ƙarfin irin wannan kwalba.

Na'urar tana da nata iyakoki. Fatar ƙasa kaɗai ta ke karantawa, 'yan milimita kaɗan, kuma danshi ya kan rage adadin da ta ke nunawa. Har wa yau sinadarin asanik, wanda a kan samu tare da zinariya, yana sakin haske mai 10,540, dab da alamar dalma ta farko; don haka a ke dogara ga ta biyu, kuma a kan aika waɗansu samfurori ɗakin bincike domin a gwada amsar. Jinin yara kuwa da wata na'ura daban a ke auna shi.

7. Sama da bolt miliyan

Idan ana bukatar kuzarin miliyoyi, kamar wajen gasa ciwon daji, ba a iya sa turin duka tsakanin faranti biyu, domin tartsatsi zai tsallake. Sai a yi amfani da dogon bututu wanda igiyoyin rediyo ke bi ta cikinsa, suna tura ilaktaron kaɗan-kaɗan a kowace gaɓa, har jimlar ta kai ta bolt miliyan 6 ko fiye. An kafa irin wannan na'ura a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Masu ƙera ta dole su bi sabon lissafi, domin da sun tsara gaɓoɓin bututun bisa ga tsoho, da turin da ilaktaron sun saɓa hanya.

Mafi girma da aka taɓa yi wa ilaktaron ita ce na'urar LEP ta cibiyar CERN, kusa da Janiba, zobe mai kewayen kilomita 27 wanda ya yi aiki daga 1989 zuwa 2000. A shekararta ta ƙarshe ta kai ilaktaron-bolt biliyan 104.5. Wannan ya ninka kuzarin na'urar auna ƙasa sau miliyan biyu da ɗoriya, amma gudun bai ninka ko sau biyu da rabi ba, kuma haske yana gaba da 'yan milimita da ba su kai huɗu ba a kowane sakan.

Abin sha'awa, su kansu ƙarafan biyu da suka jawo wa Bagega wannan al'amari suna ƙarƙashin ka'idar. Cibiyar zinariya da ta dalma suna jan ilaktaron ɗinsu na can ciki da tsanani, har gudunsu ya kai wajen kashi 60 cikin ɗari na gudun haske. Masana sun nuna cewa launin rawaya na zinariya daga nan ya samo asali, kuma wani bincike da Pekka Pyykkö da abokan aikinsa suka buga a 2011 ya nuna kimanin bolt 1.7 daga cikin 2.1 da kowane ɗaki na batirin mota ke bayarwa, wanda da dalma a ke yin sa, daga wannan dalili ya ke.

8. Abin da malami zai kiyaye

Abu uku ya kamata malami ya riƙe. Na farko, kada ya bar kalmar ƙarfi ta tsaya a madadin turi da kuzari da gudu gaba ɗaya. In ya ce ilaktaron ya ƙara ƙarfi, ɗalibi zai ji ya ƙara gudu, alhali jerin da ke sama ya nuna suna rabuwa. Na biyu, ya yi hattara da zancen da ke cikin tsofaffin littattafai cewa nauyin ilaktaron yana ƙaruwa da gudu. Masanan wannan zamani sun fi son a ce nauyinsa yana nan yadda ya ke, kuzarinsa ne ke hawa ba iyaka. Na uku, kada ya ce Niyuton ya yi kuskure ya tsaya nan. Tsohon lissafi mudu ne mai kyau wanda ke da iyakar abin da ya ke aunawa, kuma adadin 511,000 shi ke nuna inda iyakar ta ke.

A Bagega da ƙauyukan da ke kewaye, an kankare fatar ƙasa inda awo ya nuna guba, an binne ta a ramuka, an zuba wadda aka auna aka tabbatar da tsabtarta, sa'an nan yara suka sami magani. MSF ta miƙa aikin ga hukumomin Zamfara a 2022. Amma dalma ba ta ruɓewa, kuma duk inda aka sake niƙa dutse a tsakar gida, gubar za ta dawo. Ƙasar za ta ci gaba da bukatar masu awo, kuma ya fi kyau su zama 'ya'yanta, waɗanda suka san abin da ke gudana cikin kwalbar da ke hannunsu, suna kuma iya bayyana wa mai gida da harshensa dalilin da ya sa za a kankare tsakar gidansa.